Bayan Aikin Kwatangwalo: Yaushe Zan Ajiye Sanda? Tambayoyin da Majinyata Ke Yi a Maradi

Aikina shi ne koya wa mutane tafiya bayan an yi musu aiki a ƙashi, abin da a nan Maradi aka fi sani da kine. Masu zuwa wurina bayan an sauya musu gaɓar kwatangwalo kashi uku ne galibi: dattijon da ya zame ya faɗi wuyan ƙashin cinya ya karye, mai ciwon gaɓa da ya cinye guringuntsi tsawon shekaru, da matashi mai sikila wanda jini ya daina isa kan ƙashinsa har ƙashin ya mutu. Wasu a Yamai aka yi musu aikin, wasu sun ƙetara Kano asibitin ƙashi na Dala, duk kuma gida suke dawowa jinya. Takardun da ake sallamo su da su an rubuta su ne don mutanen da ke wuni kan kujera, su kwana kan gado mai tudu. Mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take, daga tabarma sai tsuguno sai sujada, ga yashi a bakin ƙofa. Shi ya sa na tattara waɗannan tambayoyi. In maganata ta saɓa da ta likitan da ya yi muku aiki, tasa za ku bi, don shi ya ga ƙashinku da idonsa.

Wai me aka sa mini a jiki ne?

Gaɓar kwatangwalo dunƙulallen kan ƙashi ne da ke juyawa cikin wani gurbi mai kamar ƙoƙo. Likita yana yanke kan da ya lalace, ya zura ƙarfe cikin ramin ƙashin cinya, ya ɗora masa sabon kai na ƙarfe ko na tangaran, sannan ya sa sabon ƙoƙo mai shimfiɗar roba mai tauri. Tsofaffin da suka karye sau da yawa kan kawai ake sauya musu, a bar musu ƙoƙonsu na asali. Aikin ba sabo ba ne: wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita salon da ake bi tun 1962.

Abu biyu nake so ku tambaya kafin a sallame ku, ku sa a rubuta muku. Na farko, an kama ƙarfen da siminti na musamman ne ko an bar ƙashi ya kama shi da kansa, kuma an yarda ku ɗora dukkan nauyinku a ƙafar? Na biyu, ta gaba aka shiga ko ta baya? Amsar ta biyu ita ke nuna irin motsin da za ku kiyaye, kamar yadda zai zo a gaba a tambayar abubuwan da aka hana.

Jiya-jiya aka yi wa Baba aiki, yau an ce ya tashi. Ba a yi gaggawa ba?

Ba a yi ba. Yawanci ana tayar da majinyaci ranar aikin ko washegari, da madogara mai ƙafa huɗu da mutum a gefensa. Na san tausayi ne ke sa ƴaƴa su ce a bar shi ya huta, amma kwanciyar ita ce abin tsoro. Jini na daskarewa a jijiyoyin ƙafa, majina na taruwa a huhu, baya na yin gyambo, tsoka kuma na zubewa cikin ƴan kwanaki, musamman ga tsoho. Ku bar shi ya fara zama a bakin gado har jiri ya wuce, sannan ya miƙe. Taku biyar na ranar farko ma sun isa.

To yaushe zan yi tafiya ba sanda?

Ba a taɓa rabuwa da ni ba a yi wannan tambaya ba. Tsarin da aka saba shi ne madogara ko sanduna biyu a makonnin farko, sai sanda ɗaya, sai hannu sake. Da yawa suna fara zagaya ɗaki ba sanda tsakanin mako 3 zuwa 6, su rabu da ita kafin cikar wata 3. Ƙarfin tsoka kuwa yana ci gaba da dawowa har wata 6, wani har shekara. Wanda ya shekara 5 yana jan ƙafa kafin aiki zai fi daɗewa, don tsokarsa ta riga ta saba da karkata. Inna mai shekara 80 da ta karye, wataƙila sandar ta zama abokiyar zamanta ke nan, kuma wannan ba gazawa ba ce.

Ni ba kwanaki nake ƙirgawa ba, tafiyar nake kallo. Ku sa wani ya tsaya bayanku, ku ratsa tsakar gida ba sanda. Kafaɗunku sun tsaya daidai, ko kuna jefa jiki gefen da aka yi aiki a kowane taku? Takun ƙafafun biyu tsawonsu ɗaya? Kuna iya tsayawa kan ƙafar aikin ita kaɗai a ƙirga 10, yatsa ɗaya a bango, ƙugu bai faɗa ɗaya gefen ba? Kuna tashi daga kujera ba wanda ya ja ku? In duka eh ne, ku ajiye ta a cikin gida. In da sanda kuna tafiya sumul, ba ita kuma kuna ɗingishi, to lokaci bai yi ba, ku ci gaba da riƙe ta.

Abin da ya fi ba ni wahala a nan kunya ce. Magidanci ba ya so abokan fada su gan shi da sanda, sai ya jingine ta a zaure ya fita yana tangaɗi. Wanda ya yi haka yana koya wa jikinsa gurguwar tafiya da kansa, kuma cire ta ya fi koyon tafiyar wuya. Ku kuma tuna titunan unguwanninmu, daga Zariya har Ali Ɗan Sofo, yashi ne mai nutsa ƙafa, da damina kuma taɓo da santsi. Wanda ya ajiye sanda a ɗaki ya ci gaba da fita da ita waje na wasu makonni.

A wane hannu ake riƙe sanda, kuma yaya ake hawa matakala?

A hannun da ke ɗaya gefen. In dama aka yi wa aiki, sanda na hagu, kuma tare suke tafiya da ƙafar aikin. Kusan kowa yana zuwa mini da ita a hannun da bai dace ba. Tsawonta ya kai wuyan hannu in kun tsaya kun saki hannu, kuma robar gindinta kada ta suɗe.

Wajen hawa, lafiyayyar ƙafa ce gaba. Wajen sauka, sanda da ƙafar aiki ne gaba. Dokin ƙofa ma haka za ku bi da shi.

Wane motsa jiki zan yi in ba ni da halin zuwa wurin kine kullum?

Yawancin aikin dama a gida ake yin sa. A kwance rigingine: ku riƙa ɗaga tafin ƙafa sama kuna mayar da shi ƙasa kamar mai taka keken ɗinki, sau 10 zuwa 20 duk awa. Ku danna bayan gwiwa kan katifa ku ƙirga 5. Ku matse ɗuwawu ku ƙirga 5. Ku jawo diddige a hankali yana goga shimfiɗa, ku mayar. A tsaye, kuna dafe da bango: ku buɗe ƙafar aikin gefe, yatsu na kallon gaba, jiki bai karkata ba. Wannan na ƙarshe shi ke gina tsokar gefen ɗuwawu, wadda rauninta ke kawo ɗingishi, don haka in za ku manta da komai kada ku manta da shi. Daga baya a ƙara tashi da zama daga kujera mai tudu.

Tafiya kuwa gajeriya a kai a kai ta fi doguwa sau ɗaya. Minti 5 zuwa 10 sau uku ko huɗu a wuni, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ku yi ta da sanyin safiya da kuma gab da magariba. Tsamin jiki da ya lafa kafin gari ya waye ba komai ba ne. Ciwon da ya kwana ya wuni yana nufin kun zarce, ku rage.

Waɗanne abubuwa aka hana, kuma har yaushe?

Kafin naman da ke kewaye da gaɓar ya warke ya riƙe ta, sabon kan na iya gocewa daga gurbinsa. Ga wanda aka shiga ta baya, abu uku ne. Kada gwiwa ta fi ƙugu tudu, wato ba tsuguno, ba zama kan ƴar kujerar tsakar gida, ba sunkuyawa ɗaukar abu a ƙasa. Kada ku harɗe ƙafa ko ku ɗora ɗaya kan ɗaya. Kada ku murɗa ƙafar ciki, irin juyowar da mutum ke yi in an kira shi ta baya alhali ƙafarsa na kafe. Ku juya da ƙananan taku. Wanda aka shiga ta gaba, nasa shi ne kada ya miƙa ƙafar baya sosai ko ya murɗa ta waje.

Yawanci mako 6 zuwa 12 ake kiyayewa, likita ne zai ce an ɗage. Cikakken tsuguno da zaman harɗe a tabarma kuwa, ko bayan nan sai kun tambaya, don likitoci da yawa sun fi son a bar su gaba ɗaya.

Makewayinmu na tsuguno ne. Yaya za mu yi?

Wannan a shirya shi tun majinyaci bai dawo gida ba. Mai walda ko kafinta zai haɗa muku kujera mai huda a tsakiya da hannuwa biyu, tudunta ya ɗan fi gwiwar mai ita, a ɗora ta kan ramin. Kujerar roba da aka huda tana yi na ɗan lokaci, amma ƙafafunta na buɗewa a kan siminti mai laima, ban cika natsuwa da ita ba. A kafa ƙarfen dafawa a bango. Wanka ma a zaune kan kujera mai tudu, bokiti a kan wani abu don kada a sunkuya, kuma kada ruwa ya taɓa ɗinkin sai an cire zare, wanda ake yi tsakanin kwana 10 zuwa 14.

Da dare ake yawan faɗuwa. Tocila a kusa da matashi, a kwashe igiyar shanya da buta da tabarmi daga hanya, a bar silifas mai santsi.

A ƙasa nake kwana. Dole sai gado?

A watannin farko, eh. Sauka ƙasa da tashi daga ƙasa su ne ainihin motsin da aka hana. In gadon gajere ne a ɗaga ƙafafunsa da bulo. Ku kwanta rigingine da matashi tsakanin cinyoyi. In an yarda ku juya, ku kwanta kan lafiyayyen gefe, matashin na nan tsakanin gwiwoyi.

Yaya zan yi sallah da alwala?

Mutane da yawa sun fi damuwa da wannan a kan ciwon kansa, kuma na fahimce su. Addini ya riga ya yi sauƙi: a hadisin Imrana ɗan Husaini, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ku sa kujera mai tudu a bayanku, ku tsaya inda kuke iya tsayuwa, ku zauna ku yi nuni a inda sai an kai ƙasa, ba tare da kun ninke jiki kan cinya ba. Filla-fillar hukuncin ku ji ta bakin malaminku. Wajen alwala, wanke ƙafa ne matsalar: kada ku sunkuya, kada kuma ku ɗago ta kan gwiwa. Ɗa ko mata ko miji ya wanke muku.

Komawa sujada sai da izinin likita, galibi bayan wata 3 ko fiye, kuma a fara gwadawa gaban kine, da kujera a gefe don dafawa. Abin da mutane ba su zata ba shi ne zaman tahiya ma yana takura gaɓar, saboda yana haɗa lanƙwasa da murɗawa. Akwai wanda zai koma sujada amma ya ci gaba da tahiya a kujera. In za ku masallacin Juma'a, ku nemi gefen sahu inda ba turereniya wajen fita.

Ƙafar da aka yi wa aiki kamar ta fi ɗayar tsawo. An yi kuskure ne?

Sau da yawa ji ne kawai. Gaɓar da ta lalace ta sa ƙafar ta gajarce shekara da shekaru, ƙugu ya karkata ya saba, yanzu da aka mayar da ita daidai sai jiki ya ga baƙon abu. Yakan daidaita cikin wata 3 zuwa 6. Kada ku yi saurin kai takalmi a ƙara masa dunduniya. In bayan nan an auna an ga bambanci na gaske, sai a ƙara wa takalmin gajeriyar ƙafar. Amma ƙafar da ta gajarce farat ɗaya tare da ciwo mai tsanani wani abu ne daban, ku duba tambaya ta gaba.

Wane kumburi ne na al'ada, wanne ne na gudu asibiti?

Kumburin cinya da ƙafa da ke ƙaruwa da yamma ya sauka da safe na iya kai watanni. Ku kwanta ku ɗora ƙafar kan matashi, ku sa ƙanƙara a nannaɗe cikin tsumma na minti 15 zuwa 20.

Waɗannan kuwa ba a kwana da su. Sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri da zafi da ciwo: alamar gudan jini ce. Numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya soke farat ɗaya: gudan ya kai huhu, a tafi nan take. Zazzaɓi da ya haura digiri 38, ko ɗinkin ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya: kada ku ce masassarar sauro ce ku sayi magani ku zauna, a gwada jini a kuma duba ciwon. Ciwo mai tsanani bayan faɗuwa ko murɗewa, ƙafa ta gajarce ta juya, an kasa takawa: gaɓar ta goce ko ƙashi ya tsage, a ɗauke shi a kwance kada kowa ya ja ƙafar. Maganin hana daskarewar jini da aka rubuta muku, allura ne ko ƙwaya, yakan kai kwana 35, kada ku tsaya don kun ji sauƙi.

Dangi sun ce a kira mai ɗori ya gasa wurin, ko a yi ƙaho. Akwai laifi?

Akwai, kuma a nan ba na sassautawa. Babu karayar da za a ɗora, ƙarfe ne a ciki, ja da murɗa na iya fitar da shi daga gurbinsa. Tsaga da ƙaho da shafa haɗin magani kusa da ɗinki ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma in suka kama ƙarfe magani ba ya cika korar su, wani lokaci sai an sake buɗewa an cire komai. Ga kuma maganin nan na hana daskarewar jini da ke tsinka jini a jikinku, in an tsaga jini na iya ƙin tsayawa. Ruwan zafi ma a kiyaye, fatar gefen ɗinki takan yi dindiris ta ƙone mai ita bai ji ba.

Haka magungunan masu talla a faranti. Tiramol na sa jiri da faɗuwa kuma yana kama mutum. Masu kashe ciwo irin diklofenak in sun haɗu da maganin tsinka jini suna iya sa ciki zubar da jini, suna kuma taɓa ƙoda. Abin da ke kan takardar likita kawai.

Zan iya hawa kabu-kabu? Doguwar tafiya a mota fa?

Babur a bar shi aƙalla wata 3, kuma da so samu ne fiye da haka. Ɗaga ƙafa a haye shi, da gargadar hanya, da faɗuwa cikin yashi, kowanne ya isa. Adaidaita ta fi, in kujerar ba ta yi ƙasa da yawa ba a sa matashi. A mota ku zauna gaba, a tura kujerar baya, ku fara zaunar da ɗuwawu sannan ku shigo da ƙafafu tare. Mai komawa Yamai ganin likita yana da sama da kilomita 600 a gabansa: a riƙa tsayawa duk awa ɗaya ko biyu ya sauka ya taka, yana motsa tafin ƙafa a hanya, yana shan ruwa. Tuƙi kuwa yawanci sai bayan mako 6, in kuna iya taka birki da ƙarfi ba shakka.

Ɗana mai sikila ne, shekararsa 24. Jinyarsa daban take?

Matakan ɗaya ne, kulawar ce ta fi yawa. Ƙwayoyin cuta sun fi saurin kama shi, don haka ko ɗan zazzaɓi ne a kai shi. Rashin ruwa a jiki da gajiya da sanyin hunturu na tayar masa da ciwo, sai a yi motsa jikin kaɗan-kaɗan da ruwa a kusa. Cutar kan taɓa kwatangwalo biyu, saboda haka in ɗaya gefen ya fara ciwo a matsematsi kada a ce nauyi ne ya koma can, a ɗauki hoto. Ki kuma ja masa kunne kan ƙwallo da tsalle, Hajiya, don ƙuruciya za ta sa ya ji ya warke tun ƙashi bai gama kama ƙarfen ba.

Me zan ci? Zan iya azumi?

Wake, ƙwai, nono, kifi, nama, gyaɗa, zogale. Ba sai abu mai tsada ba, fura da nono da ɗan ƙuli-ƙuli ma gini ne. Ruwa da ganye da yawa, don magungunan ciwo na ɗaure ciki. Mai ciwon suga ya kula da awonsa, mai shan taba ya bari, dukansu biyu na hana ciwo warkewa. In Ramadan ya faɗo a makonnin farko, ku tambayi likita kafin ku ɗauka, musamman mai sikila da wanda ke kan maganin hana daskarewar jini. Marar lafiya na da rangwamen ramawa.

Yaushe zan koma aiki da harkar iyali?

Mai zaman shago ko ofis, mako 6 zuwa 8 da kujera mai tudu. Noma, daka, jan ruwa a rijiya da ɗaukar buhu sai bayan wata 3 zuwa 6, kuma noman duƙe da gajeriyar fartanya ba abokin wannan gaɓa ba ne, hauya mai dogon ƙota da ake turawa a tsaye ta fi. Mata a ɗaga musu murhu da wurin wanki, shara kuma da tsintsiya mai sanda.

Kwanciyar aure galibi bayan mako 4 zuwa 6, mai ciwon na rigingine, ana kiyaye dokokin da aka ambata a sama. Mace mai wannan ƙarfe tana ɗaukar ciki ta haihu, da yawa ma da kansu. Ta dai sanar da ungozoma da likita tun awon farko.

Shekara nawa ƙarfen zai yi, kuma zai hana ni zuwa Hajji?

Wani babban nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 58 cikin 100 na waɗannan gaɓoɓi suna nan suna aiki bayan shekara 25. Matashi mai yawan kai-komo ya fi saurin cinye tasa, wataƙila a sake masa wani aikin nan gaba. Ƙiba da ɗaukar kaya masu nauyi da tsalle suna rage mata kwana. Ku adana hotunan ƙashinku da takardar aiki wuri ɗaya, ku riƙa komawa a duba ko ba ciwo, kuma ƙurji ko ruɓaɓɓen haƙori ko ciwon fitsari a yi maganinsu da wuri don kada cutar ta bi jini ta sauka kan ƙarfen.

Hajji da Umra ba su gagara ba in an warke, amma ku shirya musu da tafiya a ƙasa tun watanni kafin tashi, don Safa da Marwa kaɗai sun haura kilomita 3 in an haɗa zuwa bakwai ɗin. Akwai keken turawa ga wanda ya gaji, a hawan sama kuma turereniya ta fi sauƙi. Na'urar bincike a filin jirgi za ta iya yin ƙara, sai ku faɗa musu akwai ƙarfe a kwatangwalo ku nuna takardar. A cikin jirgi ku nemi kujerar bakin hanya don ku riƙa tashi kuna takawa.